Tsautsayi ko sakaci? Ran ma'aikacin lantarki yana hannun kowa

Ga jawabin da aka karanta gaban taron ma'aikatan lantarki da ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, albarkacin 28 ga watan Afrilu, ranar da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta keɓe tun shekarar 2003 domin kiyaye rai da lafiya wurin aiki.

 

Duk ranar da wuta ta ɗauke a Maraɗi ko Damagaram cikin zafin bazara, tambaya guda ce ke bakin kowa: yaushe za su maido ta? Mai sayar da ƙanƙara yana kallon jarinshi na narkewa, tela ya tsaya da ɗinkin mutane a hannu, ma'aikacin buro yana fifita da takardun da ya kamata ya sa ma hannu. Kowa da gaskiyarshi. Amma cikin masu ƙorafin nan da wuya a samu wanda zai tambaya wane ne ya hau poto a daidai wannan sa'a, ko da wane kaya ya hau, ko wa ya tabbatar mashi cewa layin da zai kama babu wuta cikinshi. In ya sauko lafiya, babu mai sanin sunanshi. In kuwa aka sauko da shi, sai a taru a yi jana'iza, a ce tsautsayi ba ya wuce ranarshi, a watse.

Babu mai ja da ƙaddara. Sai dai malamai sun sha faɗa cewa tawakkali ba ya hana mutum ɗaure raƙuminshi. Abin da wanga jawabi zai nuna shi ne, haɗarin da ke samun ma'aikacin layi da mai karanta kontar yawanci yana da sanadi da ake iya gani tun kafin ya auku, kuma sanadin nan sau da yawa yana farawa nesa da poto: cikin shagon ɗan kasuwa, ko bisa teburin ma'aikacin da ke sa hannu ga sayen kayan aiki.

Wutar da ake aiki da ita

Ya kyautu a fara da sanin abin da mutanen nan ke riƙe da shi. An kafa kamfanin NIGELEC a shekarar 1968. A 1976 aka ja babban layi mai bolt 132,000 daga Birnin Kabi zuwa Yamai, wanda ya kawo wutar madatsar Kainji ta Najeriya. Daga baya wani layi irinshi ya taso daga Katsina zuwa Gazawa domin ciyar da Maraɗi da Damagaram. Can arewa, tashar gawayi ta SONICHAR a Anu Araren ta fara aiki a 1981, sannan a 2017 aka buɗe tashar Goru Banda kusa da Yamai. Daga waɗannan manyan layuka ake rage ƙarfin wutar zuwa bolt 20,000 ko 33,000 bisa potunan da ke ratsa garuruwa da karkara, sannan transfo na unguwa ya sake rage ta zuwa 220 ko 380 da ke shiga gidaje da shaguna.

Mutane da yawa sun ɗauka cewa wutar gida ba ta kisa, sai ta manyan layuka. Wannan kuskure ne da ya ci rayuka. Abin da ke kashe mutum shi ne yawan wutar da ta ratsa jikinshi, kuma ana auna ta da miliyampa. Jiki yana fara jin ta daga miliyampa 1. Wajen miliyampa 10 tsokar hannu na ƙagewa, mutum ya kasa sakin abin da ya kama. Wajen 30 numfashi na iya tsayawa, in ta ƙaru kaɗan bugun zuciya ya rikice. To, ƙwan fitila mai wat 60 yana jan kusan miliyampa 270. Ke nan kashi ɗaya cikin tara na abin da ke haska ɗaki guda ya isa ya tsaida numfashin ƙato. Busasshiyar fata tana ɗan tare wuta, amma jiƙaƙƙiya ba ta tarewa, kuma kowa ya san babu ma'aikacin da ke bisa poto a watan Afrilu ko Mayu ba tare da zufa ta jiƙa shi sharkaf ba.

Ga manyan layuka kuwa, ba sai an taɓa ba. Wutar na tsallakowa ta iska in an matsa kusa, shi ya sa ƙa'idar Faransa, wadda yawancin masu wanga aiki a ƙasashen da ke amfani da faransanci suka koya, ta hana wanda ba shi da izini kusantar layi da ƙasa da mita 3, in kuwa layin ya kai bolt 50,000 sai mita 5. Tartsatsin da ke tashi in waya biyu suka haɗu yana narka jan ƙarfe nan take, alhali jan ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 1,000. Abin da ya narka ƙarfe, ina ga fuskar mutum?

Matakai biyar kafin a kama layi

Masu sana'ar sun daɗe da sanin maganin wannan. Ƙa'idar da aka sani da NF C 18-510, wadda a 2012 ta maye gurbin UTE C 18-510 ta shekarar 1988, ta tsara matakai biyar da ake bi ɗaya bayan ɗaya kafin a ce layi ya mutu.

Na farko, a raba wurin aikin da duk inda wuta ke iya shigowa, a buɗe makunni yadda ido zai ga ya buɗe. Na biyu, a sa ma makunnin kwaɗo, a rataya allo mai hana taɓawa, mabuɗin ya zauna hannun wanda ya kulle. Na uku, a tabbatar a wurin aikin cewa layin da aka kashe shi ne wanda za a hau, domin potuna na kama da juna, kuma poto guda na iya ɗaukar layi biyu. Na huɗu, a gwada kowace waya da na'urar da aka ƙera domin haka, a gwada na'urar ita kanta kafin aiki da bayanshi. Turnabis mai ɗan ƙwai da ake sayarwa a kasuwa ba na'urar gwaji ba ne, bayan hannu kuma ba na'ura ba ne. Na biyar, a ɗaure wayoyin da juna a haɗa su da ƙasa, gaba da bayan inda za a yi aikin, domin in wuta ta dawo ta kowace hanya ta bi ƙasa, ta bar mutum.

Matakin nan na biyar shi aka fi tsallakewa, domin yana cin lokaci, kayanshi na da nauyi, ga kuma wanda ke cewa ai aikin minti goma ne. Abin mamaki, sabon ma'aikaci ba shi ya fi tsallake shi ba, domin shi har yanzu yana jin tsoro. Tsohon hannu ne, wanda ya hau poto dubu bai ga komi ba. Hausawa sun ce sabo turken wawa.

Bayan matakan akwai kayan jiki. Safar hannu ta roba aji-aji ce: aji 00 na bolt 500 ne, aji 0 na 1,000, aji 2 na 17,000, aji 3 na 26,500, aji 4 na 36,000. Wanda ya sa ta ƙaramin aji ga babban layi daidai yake da wanda bai sa komi ba. Ana hura mata iska kowace safiya a duba ko ta huje, domin hudar da ba ta kai bakin allura ba ta isa wuta ta shiga, kuma zafin rana na cinye roba in an bar ta bayan mota. Sai hular kwano mai gilashin fuska, da takalmi mai tare wuta, da tufafin auduga, zama nailan na narkewa ya manne ga fata. Zobe da agogon ƙarfe a bar su gida. Wanda zai hau ya ɗaura ɗamarar hawa ya maƙala ta tun daga ƙasa, domin sau da yawa wutar girgiza mutum kawai take yi, faɗowar ce ke ƙarasa shi. Poton itace a buga gindinshi a saurara kafin a hau, gara na cinye ciki ta bar bayan lafiya lau. Tsani kuwa, duk mita 4 na tsawo a janye ƙafarshi mita 1 daga poto, wani ya riƙe. In hadari ya taso ana jin tsawa, a sauko, ko da gari duka na jira.

Injin ɗan kasuwa

Nan maganar ta iso ga alhazai. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar tun farkon watan Agusta, ba a maido ta ba sai bayan da aka ɗage takunkumi a Fabrairun 2024. A waɗannan watanni duk mai hali ya nemi injin wuta, wato gurup, ko faifan hasken rana da batura. Babu mai ganin laifinsu, kasuwa ba ta jira. Matsalar tana ga yadda aka haɗa su.

A ɗauki misali. Ayarin ma'aikata sun kashe layin wata unguwa domin gyara, sun sa kwaɗo, sun gwada, babu wuta. Mutum ya hau. Can cikin kasuwa mai shago ya gaji da jira, ya ce ma yaronshi ya tada inji. Injin nan an jona shi kai tsaye ga wayoyin shago, ba tare da makunnin da ke raba wutar kamfani da ta inji ba. Wutar ta haska shago, ta kuma bi ta kontar ta fita waje, ta hau wayar unguwa har ta kai transfo. Shi kuwa transfo ba ya sanin gaba da baya: yadda yake rage 20,000 zuwa 220, haka yake ɗaga 220 zuwa 20,000 in ta shigo mashi ta baya. Mutumin da ya gwada layi minti biyar da suka wuce ya ga babu komi, yanzu yana riƙe da ajalinshi. Mai shago ba zai taɓa sanin abin da ya yi ba. Watakila ma ya je gaisuwar mutuwa, ya ce Allah ya jiƙan shi, tsautsayi ne.

Abu biyu ke hana wannan. Ɗaya na hannun ma'aikaci, shi ne ɗaure layi da ƙasa. Ɗayan na hannun mai inji, shi ne makunnin rabawa, wanda kuɗinshi bai kai komi ba in an gwada da kuɗin injin, a kuma kira wanda ya san aikin ya sa shi. Duk ɗan kasuwar da ke wurin nan, in ya koma, ya tambayi wanda ya haɗa mashi inji ko faifan rana tambaya guda: in na tada shi, wutata na iya fita waje? In amsar ba ta fito sarai ba, a sake haɗin. Haka nan masu gina rumfa ko bene ƙarƙashin layi, da masu loda babbar mota har kaya su kusa taɓa waya, da masu kafa shago jikin poton transfo, su sani suna toshe ma ma'aikaci wurin kafa tsani, suna kuma sa yaransu cikin haɗari.

Mai karanta kontar

Akwai wani ma'aikacin da ba ya hawa sama, amma haɗarinshi ba ƙarami ba ne. Mai karanta kontar, da mai kai faktir, da wanda aka aika yanke wuta ko sa sabon kontar, suna yini bisa babur, gida-gida, cikin rana da ƙura. Kontar mai kati da ake biya tun gaba ta rage yawan zirga-zirgar, amma ba ta kawar da ita ba, tunda sai an sa, an duba, an gyara. Mutumin nan yana gamuwa da kare a zaure, da kunama ko rina cikin akwatin kontar, da maigidan da ya ga faktir ranshi ya ɓaci. Mafi muni, yana gamuwa da jonin sata: waya tsirara da aka zagaya bayan kontar aka ɓoye, wadda ba ta bin dijonta, ba ta cikin kowane zane, tana jiran hannun da zai shiga. Dokar lantarki mai lamba 2016-05 ta 17 ga Mayu 2016 ta tanadi hukunci ga satar wuta. Mutane na ɗaukar abin kamar cin kuɗin kamfani ne kawai, alhali tarko ne aka ɗana ma ɗan wani, wani lokacin ma ga ɗiyan gidan.

Ƙa'idodin wanga aiki ba su da wuya. Ya sa hular kwano bisa babur. Ya yi sallama, ya nuna katin aiki, ya jira a ba shi izini, musamman gidan da mata ke ciki. Ya duba akwati da ido kafin ya sa hannu: in ya ga baƙin ƙuna, ko ya ji ƙauri, ko ya ga wayar da bai gane ba, ya tsaya ya kai rahoto. Kada ya cire kontar alhali kayan gida na jan wuta, a kashe dijonta tukuna. Ya sa safa da gilashin fuska ko da wutar 220 ce. Kada ya tsaya cikin ruwa da damina yana aiki. Ya sha ruwa a kai a kai, domin wanda rana ta buga hankalinshi ba ya tare da hannunshi. Wurin yanke wuta a tafi mutum biyu, buro ya san unguwar da suka nufa, in an zare masu ido su janye. Babu faktir da ya kai ran mutum. Maigida kuma ya ɗaure karenshi, ya bar hanyar kontar a buɗe, in yana da ƙorafi ya kai shi buro, domin wanda ke tsaye ƙofar gidanshi ɗan aike ne, ba shi ya yanka farashi ba.

Hakkin da ke wuyan magabata da ma'aikatan buro

Doka ba ta yi shiru ba. Kundin ƙwadago, doka mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, ya wajabta ma mai ba da aiki ya ɗauki matakan kare rai da lafiyar ma'aikatanshi, ya horar da su, ya kuma kafa kwamitin tsaro da lafiya a manyan ma'aikatu. A 2009 Nijar ta amince da yarjejeniya mai lamba 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta ce ma'aikacin da ya janye daga aiki domin yana da hujjar ganin babban haɗari na gab da samunshi, ba a hukunta shi a kan haka. In haɗari ya auku, wajibi ne a sanar da CNSS cikin sa'o'i 48, domin magani da diyya da hakkin iyali.

Rubutu ke nan. Aiki da shi yana hannun mutane, kuma da yawansu suna zaune wurin nan. Wanda ke tsara kasafi, ya sani in an ce a rage kashe kuɗi, safa da ɗamara ne ke fara fita daga lissafi, tunda ba su da mai yi masu magana. Wanda ke karɓar kayan kwangila, ya sani in ya sa hannu ga safar da ba ta da lambar aji, ya sa hannu ga takardar mutuwar wani. Araha ba ta ado, nan kuwa kisa take yi. Sufeton ƙwadago ya fita daga buro ya je gindin poto. Kamfanonin da ke karɓar aikin jan layi zuwa ƙauyuka a tambaye su leburorin da suke ɗauka na yini: wa ya horar da su, suna da takardar izinin aiki kusa da wuta, an rubuta sunansu a CNSS? Wuta ba ta tambayar mutum ko ɗan kwangila ne ko ma'aikacin dindindin.

Sai kuma wayar babban mutum. Kowa ya san ta. Wuta ta ɗauke a unguwar wani mai faɗa a ji, ya kira darakta, darakta ya kira shugaban ayari, shi kuma ya ɗaga kai ya ce ma na bisa poto ya yi sauri. Matakai biyar ɗin nan, irin wannan kira ne ke maida su uku. Sauri ya haifi nawa. Mai kiran ya sani minti ashirin da zai ƙara cikin zafi su ne lokacin ɗaure layi da ƙasa.

Taron ƙasa na 1991, wanda ƙungiyoyin ƙwadago suka yi tsayin daka har aka yi shi, ya ba ma'aikaci bakin magana. Sandika sun yi amfani da bakin nan wurin albashi da ƙarin girma, kuma sun yi daidai. Ya kamata su yi amfani da shi wurin neman a riƙa bayyana ma jama'a, kowace shekara, ma'aikata nawa suka ji rauni, nawa suka rasu, da sanadin kowane. Su kuma nemi a bar ma'aikaci ya faɗi kuskuren da ya kusa kashe shi ba tare da tsoron horo ba, domin wanda ya tsira yau shi ne malamin wanda zai hau gobe.

In abin ya riga ya auku

Kowa ya riƙe wannan, ko ba ma'aikaci ba ne. Wanda wuta ta kama ba a taɓa shi da hannu, sai a zama biyu. A kashe wutar tukuna. In ta gida ce kuma makunni na nesa, a ture wayar da busasshen itace, mai turewa na tsaye wuri busasshe. In ta babban layi ce, itace ba ya kare kowa: a ja baya kamar mita 10, a hana mutane matsowa, a kira kamfani. Wayar da ta faɗo ƙasa a ɗauke ta mai wuta ce ko da ba ta tartsatsi, wanda ya samu kanshi kusa da ita ya fita yana jan ƙafafu a haɗe, kada ya yi dogon taku. A kira ƴan kashe gobara ga lamba 18. In mutumin ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi sau 30, a hura mashi iska sau 2, a ci gaba, dannawa 100 zuwa 120 cikin minti guda, har taimako ya iso. Ƙwaƙwalwa na fara lalacewa bayan ƴan mintoci kaɗan babu jini, saboda haka kada a ɓata lokaci wurin neman madara ko yayyafa ruwa. Wanda ya tashi da ƙafafunshi ma a kai shi likita, domin zuciya na iya rikicewa daga baya, ƙunar wuta kuma ta ciki ta fi ta waje.

Jama'a, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa. Mutumin da ke bisa poto ɗan wani ne, mijin wata, uban wasu, da safe ya ba da kuɗin cefane ya ce sai ya dawo. Mai inji ya sa makunnin rabawa, mai sa hannu ya duba abin da yake sa ma hannu, shugaban ayari ya ƙirga matakai har biyar, mai waya ya yi haƙuri. In an yi haka sannan ajali ya zo, sai a ce ƙaddara da gaskiya. Allah ya kiyaye masu hawa, ya sauko da su lafiya, ya jiƙan waɗanda suka rasu bakin aiki.